Hayaluronik a ƙasar hunturu

A 'yan shekarun nan babu sunan da ya cika bakin masu sayar da kayan kwalliya a Garwa da Marwa da Ngaundere kamar sunan sinadarin hayaluronik. Yana jikin ƙananan kwalaben serom, wato ruwan shafawa da ake ɗigawa a fuska, yana jikin sabulu da man shafawa har da man leɓe, kuma 'yan matan da ke tallar kaya a WhatsApp da TikTok sun haddace shi tsaf, suna faɗarsa kamar yadda aka rubuta da Faransanci, acide hyaluronique. Ra'ayina a kansa shi ne, sinadari ne na gaskiya mai amfani daidai gwargwado, wanda da wuya ya cutar da mai shafa shi, amma yadda ake sayar mana da shi a arewacin Kamaru ya ƙunshi yaudara iri biyu. Ta farko kuɗin mutane kawai take ci. Ta biyu lafiyarsu take ci, kuma ita ce ta sa na ga bai kamata a bar wannan zance a ɗakunan gyaran jiki kaɗai ba.

Sinadarin ba baƙo ba ne a jikin ɗan Adam. Allah ya halicce mu da shi: yana cikin ruwan da ke tsakanin gaɓoɓi wanda ke hana ƙashi gogar ƙashi, yana cikin ƙwayar ido, yana cikin igiyar cibiyar jariri, kuma kusan rabin wanda ke jikinmu a fata yake. Mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kimanin giram 15 nasa, kuma kullum jiki yana rushe kusan kashi ɗaya cikin uku ya sake gina sabo. Masu bincike biyu, Karl Meyer da John Palmer, su suka fara ware shi a shekarar 1934 a Jami'ar Kolombiya da ke Amurka, daga ruwan idon shanu. Likitocin ido ne suka fara cin moriyarsa sosai wajen aikin cire yanar ido, sannan likitocin ƙashi suka riƙa yin allurarsa a gwiwar masu ciwon sanyin gaɓoɓi. Sai daga baya masu kayan kwalliya suka ɗauke shi.

Da can daga zankon zakara ake tatso shi. Yanzu mafi yawan wanda ke cikin kayan shafawa ƙwayoyin bakteriya ne ake kiwatawa a manyan tankuna, a ciyar da su sukari, su fitar da shi, a tace a busar ya zama farin gari. Wannan ya kamata ya kwantar da hankalin waɗanda ke tambaya ko daga wata dabba haramtacciya aka samo shi. Babban kaso na garin da duniya ke amfani da shi daga lardin Shandong na ƙasar Sin yake fitowa, kuma abin da ake zubawa a kwalbar serom ɗan kaɗan ne, galibi bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, sau da yawa ma bai kai hakan ba. Sauran ruwa ne da wasu sinadarai masu hana lalacewa. Duk mai sayen kwalba mai mililita 30 da tsada ya kamata ya san wannan lissafi kafin ya miƙa kuɗinsa.

Aikin hayaluronik a kan fata guda ɗaya ne, wato riƙe ruwa. Masu talla suna son maimaita cewa yana riƙe ruwa ninki dubu na nauyinsa, adadin da masana da yawa ke ganin an zuzuta, amma ko da an rage zuzutawar, gaskiya ne yana kama ruwa ƙwarai. Abin da ba a faɗa a talla shi ne girman ƙwayarsa. Ƙwayar hayaluronik ta asali ƙatuwa ce ainun idan aka gwada ta da ƙwayoyin da ke iya ratsa fata, don haka a saman fata take tsayawa, ta yi wani siririn lulluɓi mai danshi. An sarrafa wasu nau'o'insa an daddatsa su ƙanana don su ɗan nutsa cikin ɓawon fata na sama, amma wanda aka shafa ba ya isa can ƙasa ya maye gurbin wanda shekaru da zafin rana suka rage. Fuska takan yi laushi, ƙananan layukan da bushewa ta jawo su ɗan lafa na wasu sa'o'i, idan aka wanke shi ke nan ya tafi. Wannan amfani ne, ban raina shi ba. Sai dai ba shi ne mayar da tsohuwa yarinya da ake alkawari ba.

Yanzu a zo ga iskarmu, domin a nan yaudara ta farko take. Kayan da muke saya an haɗa su ne a Faransa da Koriya da Sin da Amurka, kuma kafin su hau mota zuwa arewa, galibi ta Duwala suke shigowa, garin da iskarsa ke jiƙe da ruwa kusan duk shekara. Matar da ke zaune a Duwala idan ta shafa serom ta fita, iskar da ke kewaye da ita ba ta gaggawar ƙwace danshin da ke fuskarta. Mu kuwa daga watan Nuwamba zuwa Maris muna ƙarƙashin hunturu, iskar arewa maso gabas da ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. A tsakiyar wannan lokaci danshin iska da rana yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 a Marwa da Kuseri da Njamena. Kowa ya san alamunsa ba sai an auna ba: wanki ya bushe kafin a gama shanya, leɓe ya tsage ya yi jini, faso ya buɗe a dunduniya, ƙafafun yara su yi fari fat da kaushi. Hunturu na ɗagawa sai bazara ta shigo, a Maris da Afirilu zafin Garwa ya haura digiri 40, iska kuma har yanzu busasshiya.

A irin wannan iska, sinadarin da aikinsa kama ruwa ne ba shi da inda zai samo ruwan sai abin da ya tarar a fatar kanta da ɗan wanda ke cikin kwalbar. Ba shi da maiƙo, ba ya toshe hanyar da ruwa ke tashi daga fata ya bi iska. Saboda haka likitocin fata da yawa suke gargaɗin cewa wanda ya shafa shi a busasshiyar fuska a busasshen wuri, bai kuma ɗora komai a kai ba, zai iya jin fuskarsa ta fi da ɗaurewa. Hausawa sun ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar ita ce masu sayen serom a nan ba a gaya musu abin da suka saya ba, an ce musu ne maganin bushewar fata, cikakke, ba ya bukatar komai.

Na ga wannan a gidanmu a hunturun da ya wuce. 'Yar yayata, yarinya mai tattalin kuɗinta, ta tara abin da take samu a ɗinki ta sayi kwalba ɗaya, ta ajiye man kaɗen da ta tashi da shi don an ce mata yana duhunta fata. Kullum da safe sai ta goge fuskarta da tawul ta bushe ƙarau, ta ɗiga serom ɗin, ta hau babur zuwa shago cikin buji. Ba a jima ba gefen hancinta da kumatunta suka fara saɓa, idan ta yi murmushi sai ka ga fatar ta tattare. Da ta koma wurin mai kayan ta ce, “Adda, fuskata fa sai ƙara bushewa take yi,” amsar da ta samu ita ce, “Ai aiki yake yi, tsohuwar fata ce ke fita, ki ƙara sayen na dare.” Ban ɗauki matar nan a matsayin maƙaryaciya ba, abin da ta ji daga wanda ya sara mata kaya shi ta maimaita. Mahaifiyar yarinyar ce ta ce mata ta riƙa shafa shi bayan alwala tun fuska na da lema, sannan ta murza ɗan man kaɗe a tafin hannu har ya narke ta bi kai. Saɓar ta tsaya. Ba ta san sunan wani sinadari ba, amma abin da ta faɗa shi ne daidai abin da ilimin fata ya tabbatar.

Ƙa'idar ba ta da wahala. Fata tana bukatar abin da zai kama ruwa, tana kuma bukatar abin da zai hana ruwan gudu, kuma a ƙasarmu na biyun ya fi na farkon muhimmanci. Basilin, wanda ake samu a kowane teburin unguwa, yana cikin abubuwan da suka fi komai hana ruwa tashi daga fata, har bincike ya nuna yana tare fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da zai ɓace. Man kaɗe bai kai shi toshewa ba, amma yana tausasa fata yana cike tsagar da bushewa ta yi. A ɓangaren kama ruwa kuwa akwai gilisarin, wanda aka daɗe ana nazari a kansa, yana da araha a kantin magani, yana kuma yin aikin da hayaluronik ke yi idan aka sirka shi da ruwa, illa dai yana da ɗan danƙo. Mai dubawa zai ga cewa a yawancin kwalaben da aka rubuta hayaluronik da manyan baƙaƙe, gilisarin ne ke zuwa a sahun farko cikin jerin abubuwan da aka haɗa, shi kuwa wanda ake tallar yana can ƙasa da sunan sodium hyaluronate. Jerin nan ana rubuta shi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Sannan akwai abubuwan da ke busar da fata tun kafin a kai ga shafa komai: ruwan wanka mai tsananin zafi da muke so da asubar hunturu, sabulu mai kaifi, da dirzar jiki da soso kullum. Wanda bai rage waɗannan ba, ko kwalba nawa ya saya yana nan inda yake.

Ba ina cewa a jefar da serom ba ne. Akwai masu fata mai maiƙo da masu fama da ƙurajen fuska waɗanda man kaɗe ke yi wa nauyi, musamman a bazara lokacin da gumi ke tsiyaya, da kuma damina idan iska ta jiƙa. Irin waɗannan hayaluronik ya dace da su, domin ba shi da nauyi, ba ya toshe ƙofofin gashi, kuma ba kasafai yake jawo ƙaiƙayi ba. A Ngaundere ma, inda tudu ya sa yanayi ya fi sanyi, damina kuma ta fi tsawo, zai yi tasiri fiye da yadda zai yi a Marwa. Mai hali ya saya ya yi amfani da shi yadda ya kamata. Abin da ba na yarda da shi shi ne a sa yarinya ta ji kunyar man kaɗen uwarta, ta ɗauka ci baya ne, alhali kamfanonin da ke sayar mata da kwalba su da kansu suna zuba man kaɗe a cikin mayukansu masu tsada suna rubuta beurre de karité a jiki.

Yaudara ta biyu ita ce mai haɗari. Hayaluronik ba ya haska fata. Ba ya taɓa sinadarin da ke ba fatarmu launinta, ba ya goge tabo, ba ya sa mutum ya yi fari ko da zai shekara yana shafawa. Don haka duk man da aka rubuta masa hayaluronik, aka kuma ga ya sauya launin mace cikin mako biyu ko uku, to akwai wani abu a ciki wanda ba a rubuta ba, ko aka rubuta da ƙananan baƙaƙen da ba mai karantawa. Abubuwan da ke yin wannan aiki sanannu ne: haidirokwinon, da sinadarin makuri, da magungunan kotikoyid masu ƙarfi irin su kulobetasol da betametason, waɗanda likita ke rubutawa na ɗan lokaci don wasu cututtukan fata. Su ne cikin man bilicin tun da daɗewa. Abin da ya sauya shi ne, da mutane suka fara tsoron kalmar bilicin, sai masu haɗi suka koma amfani da sunaye masu kwantar da hankali. Yanzu ba a cewa man fari, sai a ce mai gyara launi ne, mai sa ƙyalli ne, na hayaluronik ne da bitamin C. Ana zuba shi a robar da ba ta da sunan kamfani, ba ranar lalacewa, ba jerin abin da ke ciki, a kai wa amarya a matsayin kayan gyaran jiki tare da dilka da halawa da turaren wuta, abubuwan da iyayenmu suka sani kuma suka amince da su.

Illar ba ta fitowa a makon biki. Kotikoyid yana sirantar da fata a hankali har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito jajaye a hannu da cinya, makero da ƙuraje su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa, wanda kuma babbar damuwa ce ga matar da za a yi wa aiki wajen haihuwa. Idan aka daɗe ana shafa shi a faɗin jiki yana shiga jini, ya iya tayar da hawan jini da ciwon sukari. Haidirokwinon idan ya daɗe yakan bar baƙin tabo mai kauri a kumatu da goshi wanda da wuya ya goge. Makuri kuwa ƙoda yake ci da jijiyoyin jiki, yana kuma isa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Fatar da aka raunana haka ita ce kuma za ta fita cikin ranar Garwa. Matar da ta sayi wannan haɗi da sanin abin da ke ciki, ta zaɓi abin da ta zaɓa, sai a yi mata nasiha. Amma wadda ta je neman maganin bushewa aka ba ta guba da sunan sinadari mara illa, an zalunce ta, kuma ina ganin irinta suna da yawa fiye da yadda muke zato.

Doka tana nan. A watan Agustan 2022 Ma'aikatar Lafiya ta Kamaru, ƙarƙashin minista Manaouda Malachie, ta haramta shigowa da haɗawa da rarraba kayan kwalliya da na tsaftar jiki masu ɗauke da haidirokwinon da makuri da makamantansu. Kafin mu, Kodebuwa ta yi irin wannan a 2015, Ruwanda kuma a 2018. Akwai kuma yarjejeniyar Minamata ta 2013 wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don rage amfani da makuri, ta kuma haɗa da kayan kwalliya. Sai dai haramci a takarda yana kama wanda ya rubuta sunan haramtaccen abu a kwalinsa ne kawai. Wanda ya goge sunan ya rubuta hayaluronik, ido ba ya gane shi, sai an kai ɗakin gwaji. Ga kuma iyakarmu da Najeriya mai tsawo da hanyoyi barkatai, ga gadar Ngeli tsakanin Kuseri da Njamena da kaya ke ratsawa dare da rana, ga waɗanda ke haɗa nasu a tsakar gida. Shi ya sa nake ganin abin da ya kamata jama'ar arewa su nema daga hukuma shi ne a riƙa ɗibar samfuri daga kasuwannin Garwa da Marwa da Kuseri a kai a kai, a gwada, a kuma bayyana sakamakon da hoton kwalba a rediyo da kafofin sada zumunta, da Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa, ba da Faransanci kaɗai ba. Hukumar kula da ingancin kaya ta ANOR tana da hurumi a kan abin da ake rubutawa a jikin kaya, kuma robar da ba ta da jerin abin da ke cikinta bai kamata ta zauna a kanta ko rana ɗaya ba.

Akwai kuma allura, wadda ta fara shigowa ta hannun masu wuraren gyaran jiki. Hayaluronik na allura wani nau'i ne da aka ƙulla ƙwayoyinsa don ya daɗe, ana cusa shi ƙarƙashin fata don cike kumatu ko leɓe, kuma yakan ɗauki watanni kafin jiki ya narkar da shi. Aikin likita ne wanda ya san inda jijiyoyin jinin fuska suka bi, domin idan ya shiga jijiya yana toshe ta, naman wurin ya mutu, wani lokaci ido ya makance. Likita yana ajiye maganin da ke narkar da shi nan take idan aka samu matsala. Mai shago ba ta da shi. A 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a a kan wani alƙalami mai harba shi cikin fata ba tare da allura ba, irin wanda ake tallarsa a intanet. Ƙwayoyi da garin hayaluronik da ake sha kuwa, hujjar amfaninsu ga fata ba ta yi ƙarfin da za a kashe musu kuɗin cefane ba.

Likitocin fata ba su da yawa a ƙasar nan, kuma mafi yawansu suna Yawunde da Duwala, don haka wanda mace a Gidar ko Yagwa za ta iya tambaya shi ne mai kantin magani, ko ungozoma a wurin awon ciki, ko mai sayar da kayan kanta. Waɗannan su ya kamata a fara koya wa bayanin da bai wuce jimla uku ba: a shafa a kan lema, a rufe da mai, kuma idan ya haska fata to ba shi ba ne. Ungozoma musamman, domin ita ke ganin cikin mata da cinyoyinsu, ita za ta fara lura da nankarwar da ba ta ciki ba ce.

Sannan ina ganin akwai damar da muke bari tana wuce mu. Itacen kaɗanya yana nan a dajinmu, daga yankin Binuwai zuwa kudancin Chadi, mata ne ke tsintar 'ya'yansa da farkon damina su dafa su shanya su daka su tace, aiki mai cin ƙarfi wanda ladansa bai taka kara ya karya ba. Garin hayaluronik ana sayensa da kilo, kuma kaɗan ake bukata. Gilisarin yana da araha. A Jami'ar Ngaundere akwai makarantar ENSAI mai koyar da sarrafa amfanin gona, a Garwa kuma akwai tsangayar koyon likitanci. Babu abin da zai hana a haɗa man shafawa wanda aka auna shi da iskar Janairu ta Marwa, mai man kaɗe tatacce da gilisarin da ɗan hayaluronik, a gwada tsaftarsa, a rubuta duk abin da ke ciki a jikin kwalba da harshen da mai saye ke karantawa, a sa masa farashin da mai ɗinki za ta iya biya kowane wata, a kuma sayi man kai tsaye daga ƙungiyoyin matan da ke tace shi.